Rina a Bangon Ɗakin Malam

Litinin, 5 ga Oktoba 1964, Jugu

Tun farkon damina maigidana Malam ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa garin Paraku da huhunan goro. Har yau shiru. Yanzu kuma rina sun yi gida a bangon ɗakinsa, cikin wata tsaga ta bayan taga. Masu ratsin rawaya, masu baƙar zuciya.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Na ɗauko kananzir in ƙona su, Inna Tambaya ta riƙe mini hannu. Uwar miji ce, ya zan yi? Wai a gidan fatake ba a korar abin da ya sauka a ɗakin matafiyi, tun zamanin jakuna haka ake yi. Ta ce, "Muddin suna shiga suna fita, ɗana yana kan hanya da ransa."

Na yi dariya a zuci. Amma na mayar da kwalbar.

Asabar, 10 ga Oktoba

Sun harbi 'yata Safiyatu a wuya. Yarinya 'yar shekara huɗu! Ta kumbura, numfashinta yana fita kamar ana busa kara. A dispansar, ɗakin shan magani, aka ce idan suka sake harbinta, ba lalle ta kai musu ba. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Talata, 13 ga Oktoba

Ban ƙona su ba, kada Inna ta ga hayaƙi. Tana barcin rana na kwaɓa laka na toshe tsagar. Dabarata ke nan, ni mai wayo.

Laraba, 14 ga Oktoba

Bangon yana gunji. Na kanga kunne da azahar, sai na ji kamar mutum yana wuridi a bayan ƙofa. Haka Malam yake yi ƙasa-ƙasa idan yana tsince goro. Har da ɗan tsayawar nan tasa.

Kunnena ne kawai.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Ashe idan aka toshe musu waje, ciki suke hudawa. Na buɗe ɗakin na tarar da su jere a kan buzun sallarsa, ba mai tashi, ba mai motsi. Na ja ƙofar na cusa tsumma a ƙarƙashinta.

Dogo, ƙanen Malam, ya dawo daga nemansa a Paraku. Ya bi tasha, ya bi unguwar Albarika gida-gida. Ba wanda ya ga saukarsa.

Asabar, 17 ga Oktoba

Bango ya yi tsit. Inna ta ga lakar. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Rabi'atu, kin zaɓa."

Safiyatu tana wasa a tsakar gida, wuyan ya saɓe. Allah na gode, kuma ba na nadama. Ƙwari ne.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Na leƙa wurin matar liman aron rariya. Muna cikin hira na tambaye ta yadda mace take fara takaba idan ba a ga gawa ba. Tambaya ce kawai. Sai da na iso gida na ga ban karɓo rariyar ba.