Kabarin Ma'azu

Laraba da dare, unguwar Ulaisha

Yau ban gane kabarin Ma'azu ba. Wata biyu ke nan da muka binne shi a maƙabartar Al-Ud, jiya kuma mahaifiyarsa ta bugo daga Damagaram tana roƙon in je kansa in yi masa addu'a. Na je bayan la'asar. Kaburbura a jere, duk iri ɗaya, babu mai suna. Na tsaya inda nake zato, na yi addu'ar.

Da na ɗauko Dakta, kafilina, wato maigidan da nake wa aiki a ƙasar nan, daga jami'ar da yake koyar da tarihi, ya dubi fuskata ya tambaya. Na faɗa masa. Ya ce Rumawan da a bakin hanya suke binne matattunsu, su sassaƙa suna da sana'a a dutse, har da roƙon matafiyi ya tsaya ya karanta. Bayin da aka 'yanta ma haka, mai burodi, wanzami.

"Gumaka suka bauta wa, ya Sani," in ji shi, "kuma suna tsoron a manta da su. Mu nan ko sarki ba a rubuta masa."

Ban yi musu ba, daidai ne. Allah ya san inda Ma'azu yake. Gobe zan gaya wa tsohuwar na je, ba kuma ƙarya zan yi ba.

Amma nan littafina ne, babu mai hana ni: Ma'azu, mai gyaran famfo, mutumin Damagaram. Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya. Allah ya jiƙan sa.