Na Rushe Gadar 'Yata Don Baitocina Su Samu Wuri

Zuwa ga Hajiya Ummul-Khairi, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Ki agaza mini, Hajiya, domin na aikata wani abu da hannuna wanda ya hana ni jin ɗanɗanon shayi kwana biyar ke nan, kuma saura kwana goma sha biyu asirina ya tonu a bainar jama'a. Idan wasiƙar ta yi tsawo ki yi haƙuri. Tsawon magana shi ne asalin ciwon nawa, kamar yadda za ki gani.

Ni magidanci ne mai shekara hamsin da ɗaya. Daga Maraɗi mahaifina ya zo, ni kuwa a nan Abidjan na tashi. Ina da shagon yadi a unguwar Adjamé, ina zaune da iyalina a unguwar Williamsville. Tun ina saurayi Allah ya jarrabe ni da son waƙa. Ba a suna ko ɗaurin aure a gidanmu na haya ban miƙe da takarda a hannu ba, har matan gidan sukan rage wutar girki idan suka ji na gyara murya, don sun san za a daɗe.

'Yata ta fari, Zalihatu, shekararta ashirin da uku, ilimin kwamfuta ta karanta. Faransanci na zuba daga bakinta kamar an kwance famfo. Hausarta kuwa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. In yi mata magana da Hausa, ta mayar mini da Faransanci, haka muka kwashe shekaru. Bara ta tono tsohuwar na'urar wasa da na saya zamanin samartaka, irin wadda ake jonawa da talabijin a cusa mata kaset. Ta goge ta, ta kunna, sai ga ta da ranta. Ashe akwai wata ƙungiya a unguwar Treichville, can ƙetaren ruwa, ta masu gyaran talabijin da ɗalibai da wasu ma'aikatan tashar jiragen ruwa, waɗanda sha'awarsu ita ce su ɗauki wasannin da ake yi a wayar hannu a yau su sake ƙera su tun daga tushe, yadda za su yi aiki a waɗannan tsofaffin na'urori. Ba sayarwa suke yi ba. Sukan haɗu ne Lahadin ƙarshen wata, kowa ya baje gwanintarsa, a ci soyayyar ayaba, a yi dariya, a watse.

Zalihatu ta shiga cikinsu. Ta ɗauki wasan gudun nan da yara ke ta shafar fuskar waya a kansa, ta mayar da shi namu: mai amalanke ne ya turo kaya daga Williamsville, yana kauce wa gbaka da woro-woro, motocin hayarmu da ba sa ragawa kowa. Zango takwas ne, na ƙarshe shi ne haye gada zuwa Treichville, ruwa na ƙyalli a ƙasa. Wannan gadar kaɗai wata biyu ta ci mata.

Sai wata Asabar bayan la'asar ta same ni a shago, ta roƙe ni in rubuta mata ɗan baiti da zai riƙa fitowa tsakanin zango da zango. Da Hausa ta roƙa, Hajiya, Hausarta mai ɗingishi! Tun daga ranar, kowace Asabar muna zaune a bayan kanta, tana tambayata ma'anar kalma tana rubutawa a littafinta. Ban taɓa auna yadi da farin ciki irin na waɗannan makonni ba.

Baiti takwas ta nema. Sittin da biyu na kai mata. Ga na mahaɗar Indénié, ki ɗanɗana:

Ga Indénié, mahaɗar masu tafiya da dawowa,
Mai amalanke, riƙe da kyau, gbaka ba ta tsayawa.

Ta karanta duka, ta yi dariya inda ya dace, sannan ta bayyana mini cewa cikin kaset ɗin ƙanƙane ne ƙwarai, hoto guda na waya ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kowane harafi sai an nema masa mazauni. Na ce na gane. Wallahi ban gane ba. Da ta kammala sai na tarar ta zaɓi takwas da kanta ba ta tambaye ni ba, biyu daga ciki ma ta datse musu wutsiya har amsa-amonsu ya karye.

Ta miƙa aikin ga Malam Sha'ibu, mai gyaran talabijin a Treichville, wanda shi ke zuba wa 'yan ƙungiyar wasanninsu a kaset, kuma aminina ne tun muna buga ƙwallo a layi. Ita kuma ta tafi garin Bouaké wani aiki, ba za ta dawo ba sai ana gobe taron ƙungiyar na ƙarshen wata, inda za a nuna wasan. Nan Shaiɗan ya same ni. Na je wurin Sha'ibu na ce masa Zalihatu ta sake shawara, a mayar da baitocin gaba ɗaya. Ya duba ya ce ba za su shiga ba sai an cire zango guda, kuma gadar ce ta fi cin wuri. Na ce a cire gadar. Sau biyu ya tambaye ni ko da saninta, sau biyu na amsa masa da eh.

Yanzu kaset ɗin yana hannuna. Na gwada shi, baitocina na fitowa reras kamar 'yan rakiyar amarya. Amma da zarar mai amalanke ya isa bakin ruwa, sai hoton ya tsaya, wasa ya koma farko. Bawan Allah bai taɓa taka Treichville ba, kuma a Treichville za a nuna shi, a gaban mutanen Treichville!

In yi shiru da fatan babu mai kaiwa ƙarshen zango na bakwai? An ce akwai wani Alu a ƙungiyar wanda ba ya ajiye wasa sai ya ga ƙarshensa. In bari a ɗauka kuskuren Sha'ibu ne? Na ji kunyar rubuta wannan ma. Ko in faɗa mata? Ba faɗanta nake tsoro ba. Tsorona kada ta rufe littafin nan nata, ta koma yi mini Faransanci zalla, zaman Asabar ɗinmu ya mutu.

Na so in ƙawata gidan da 'yata ta gina,
Sai na zare ginshiƙi don in rataya zanena.

Naki cikin damuwa,
Mai Baiti Sittin da Biyu, Williamsville

*

Malam Mai Baiti, wa alaikumus salam.

Na yi dariya, na kuma tausaya maka, amma lokaci ya ƙure, don haka mu tafi kai tsaye. Shiru ba zai fisshe ka ba. Ko Alu bai kai bakin ruwa ba, Zalihatu za ta kai, kuma a gaban mutane za ta gane. Batun jingina wa Malam Sha'ibu kuwa, ka riga ka ba kanka amsa.

Da shi za ka fara. Ka rufe shago yau ka tafi Treichville, ka faɗa masa ƙarya ka yi masa, ka nemi gafararsa. Mutumin ya tambaye ka sau biyu, ya yi nasa. Aikinta na asali yana wurinsa, sai ya sake zuba shi a kaset yadda ta ba shi. Gadar ba ta rushe ba, ajiye ta aka yi, kuma mayar da ita ba zai ci yini ba.

Bayan haka ka kira 'yarka, kada ka jira ta dawo. Za ka iya gyara komai ta kasa sani, na sani, amma za ka riƙa zama da ita kana kallon bakin Sha'ibu har abada. Ka faɗa mata da Hausa, a taƙaice, ba da waƙa ba: abin da ka yi, da cewa ka gyara, da cewa ka yi kuskure. Idan ta yi fushi, haƙƙinta ne. Wata biyu na wahalarta ka sa aka cire, a bayan idonta. Ka saurare ta har ta gama, da kowane harshe ta zaɓa.

Ban ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Datse wa mawaƙi baiti ba a tambaye shi ba akwai zafi, kuma ya kamata ta san haka. Sai dai kada ka haɗa wannan da neman afuwarka, don zai zama kare kai. Idan ta huce, ka roƙe ta ta faɗa maka adadin haruffan da kowane zango zai ɗauka, kai ka sake ɗinka takwas ɗin daidai da awon. Kai mai yadi ne, ka san ba a fushi da tela don ya ce yadi huɗu ne rigar za ta ci. Ita ma a wannan ɗan wurin ta cusa motoci da gada da ruwa. Ƙuntatar ba kai kaɗai ta shafa ba, ita ce ma daɗin sana'ar tasu.

Sauran hamsin da huɗun fa? Kaset-kaset ɗin wasa na da sukan zo da ɗan littafi a cikin kwalinsu. Ka kawo mata shawarar ku yi irinsa, baitocinka a shafi guda, fassararta ta Faransanci a ɗaya shafin, ku buga a kowane shagon hoton takarda na Adjamé. Shawara na ce, ba umarni ba. In ta ce a'a, ka karɓa.

Ba zan yi maka alkawarin ba za ta ɗauke maka wuta na ɗan lokaci ba. Amma yarinyar da ta zo da ƙafarta ta nemi Hausar mahaifinta ba baitoci kaɗai take nema ba, kuma gaskiyar da za ka faɗa mata ta fi kusa da riƙe ta fiye da kowane amsa-amo.

Ranar taron ka sa rigarka mai kyau, ka zauna a baya, ka bar takardarka a gida. Duk wanda ya tambaye ka ko kai wane ne, ka ce kai ne mahaifin Zalihatu, ka tsaya a nan.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya yi wa aikinta albarka, ya bar ku tare cikin alheri.

Hajiya Ummul-Khairi