Zogalenki Ya Yi 'Ya'ya, Anti Sunita

Zuwa ga Anti Sunita,

Gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri daga tsohuwar maƙwabciyarki a unguwar Faisal da ke Alƙahira. Ina gaida maigidanki, ina gaida 'yarki Asha da ke jinyarki. Ita ce ta sanar da ni cewa ɓarin jikinki ya shanye bayan komawarku Indiya, kuma bakinki ya yi nauyi. Sannu, Anti. Tun da na ji nake juyayi.

Na san Hausarki ba ta wuce "sannu" da "yaji" ba. Duk zaman da muka yi da Larabcin kasuwa muka yi shi, naki yana ɗingishi, nawa yana jan gindi. Amma abin da ke raina yau ya fi ƙarfin wannan Larabcin, shi ya sa na koma harshen gidanmu. Asha ta sa waya ta juya miki, abin da ya zube a hanya ki yi haƙuri da shi.

Zogalenki ya yi 'ya'ya. Kuma mai gininmu zai ɗora sabon hawa a kan rufin da zogalen yake, ya ce a kwashe komai kafin magina su zo.

Kin tuna yadda muka haɗu? Ban daɗe da biyo mijina garin nan ba, shi yana can yana fama da karatunsa, ni kewar Gusau tana neman hallaka ni. Na hau rufi shanya, sai na ga zogale a cikin rabin duro, tsaye tsakanin tankunan ruwa. Ban san lokacin da na tsinki ganye na kai baki ba. Ina taunawa ina hawaye kika same ni, da robar ruwan wankin shinkafa a hannunki. Na faɗa miki sunansa a wurinmu, kika faɗa mini sunansa a wurinku, aka rasa wadda ta iya maimaita na 'yar'uwarta. Daga baya na ji cewa irin a cikin safar maigidanki kika ɓoyo shi, lokacin da aikin masaƙa ya kawo ku Masar.

Ba a jima ba muka fara rigima a kansa. Mu a gida datse kan zogale muke yi don ya yi ganye, a dafa a kwaɗa da ƙuli. 'Ya'yan kuwa sai dai su bushe a sama yara su yi wasa da su. Da na yi miki wannan bayani kika kalle ni kamar na ce muna zubar da shinkafa mu ci buhun. Ku dogayen 'ya'yan nan kuke jira, ku yanka a miya tun suna ɗanyu. A ƙarshe kika warware jan zare daga bakin mayafinki kika ɗaure rassan yamma. Waɗannan naki ne, ba a taɓawa. Na gabas nawa, in yi musu aski yadda na ga dama.

A gindin duron nan na haddace duk abin da ba kya so a Alƙahira, kuma ba kaɗan ba ne.

Ba kya son hon ɗin ƙananan motocin haya na titin Faisal. Kina cewa, "Mutanen nan da hon suke gaisawa, da hon suke faɗa." Da na tuna miki cewa na ga titunanku a fim, kika ce naku hon ɗin da dalili ake yin sa. Ba kya son shayinsu, ba madara ba citta. Ba kya son sanyin da ke shigowa ta tayil ya kama ƙashi, har sai kin sa safa biyu a ƙarƙashin sari kina tafiya kamar agwagwa. Samari su hango ki su hau rera waƙar fim ɗinku, ki haɗe rai ki wuce, ki zo nan ki ba ni labari kina gyara musu kalmomin da suka ɓata.

A kan rashin yaji kam bakinmu ɗaya. A kan mulukiya muka rabu. Ni lalon gidanmu na gani na yi murna, ke kika ce ba kya yarda da miyar da ke bin cokali har baki. Ranar babbar Sallah kuwa, da ake yanka a bakin titi, tun safe kike rufe tagoginki, ke da ba kya cin nama. Na koyi kai miki cincin da dambun zogale kawai, kuma kina cinye dambun tas kina cewa ɓarnar bishiya ce.

Abin da kike so ba kya faɗa da baki, sai dai a kama ki. Kwandon nan da ake zurawa da igiya daga baranda, mai shago ya zuba burodi a jawo, ko ba kya bukatar komai sai kin zura shi. Kina son ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wakensu da ƙosansu, don kin samu garin da wanda ba ya cin nama zai ƙoshi ba a tambaye shi ko ba shi da lafiya. Mangwaronsu kin ce bai kai naku ba, amma ɓawon da nake gani a kwandon shararki ya ƙaryata ki. Sai magaribar azumi, lokacin da titi ke yin tsit. Ba kya azumi, amma kina fitowa baranda ki zauna, kina cewa shi ne kaɗai lokacin da garin nan ke rufe baki ya bar mutum ya ji kansa.

Sau ɗaya na tambaye ki ko kin saba da nan. Kika dubi zogalen kika ce, "Ranar da ya yi 'ya'ya zan dafa miki miyar uwata, sannan in ce na zauna a garin nan." Kowace shekara ya yi fure, iska ta zo ta kakkaɓe. Aikin maigidanki ya ƙare cikin hunturu, kika yi sallama da zogalen ba ko ganye a jikinsa.

To bana ya riƙe. Ban fasa ba shi ruwan shinkafa ba, kuma ko ɓangarena na daina tsinka, don ba daɗi mutum ya yi aski babu mai yi masa faɗa. Ga 'ya'yan nan sun zubo, dogaye, koraye, wasu sun kai tsawon hannuna. Na yi murna, na kuma yi kuka, don ke ya kamata ki fara gani.

Mun yi ƙoƙarin sauko da shi. Mijina da mai gadin ginin suka kama duron, ashe gindinsa ya ruɓe, saiwa ta fita ta kama simintin rufin. Ko da ya ɗagu ma matattakalar ba za ta ɗauke shi ba. Na je na roƙi mai ginin da duk Larabcin da na mallaka. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya dafa ƙirji ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ɗansa zai yi aure kuma yana bukatar wurin zama. Ban ga laifinsa ba. Za a sare shi, Anti, kuma ban so ki ji daga bakin wani ba.

Sai na yi abin da na iya. Mu ba ma jiran iri, reshe muke sara mu kafa a ƙasa. Na sari mai kauri na dasa a bokiti a barandata. Ban san ko zai kama ba, amma jiya na ga wani ɗan kore ya leƙo.

'Ya'yan kuma na tsinke su. Na yanka wasu kamar kuɓewa na zuba a miya, muka zauna muna tauna zare kamar masu shan rake. Mijina ya ce ba laifi, ya miƙe ya nemi burodi. Asha ta ce za ta turo mini yadda ake dafawa daga waya, na ce mata a'a. Ba wannan aka yi mini alkawari ba. Miyar uwarki nake so, kuma a bakinki take.

Don haka ga roƙona. Ki faɗa wa Asha, ko kalma ɗaya ce a rana. Yau ki ce albasa, gobe ki ce gishiri. In harshen ya ƙi, ki huta, jibi ki sake gwadawa. Ba na sauri ko kaɗan, reshen nan ma da sauransa kafin ya yi fure. Zan jira ku, ke da shi.

Allah ya ba ki lafiya, ya saki harshenki, ya mayar da ƙarfi a hannun da ya shayar da bishiyar nan. Allah ya saka wa Asha da alheri, ya ba maigidanki haƙurin jinya. Ya sa in ji muryarki kina yi mini faɗa cewa yajin ya yi kaɗan.

Taki har kullum,
Rabi, mai rassan gabas