Ƙwayar da Kika Raba wa Matan Zango

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, ba kuma wanda zai kai miki ita. Amma in ban rubuta ba cikina zai fashe, don duk wanda na fara gaya wa abin da ke raina sai ya ce in yi shiru, ba a yi wa mamaci faɗa. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Na fara da addu'a ne don ki san ba ƙinki nake yi ba. Fushi nake yi da ke, Yaya, fushin da ban taɓa yi da kowa ba.

Bari in fara ba ki labarin gida, tunda shi kike fara tambaya. 'Yarki Nana ta dawo wurinmu nan Daura, ta koma makaranta. Gyaɗar mijinki Malam ta yi kyau bana, amma ba mai yi masa ƙuli, kaskon suyarki yana nan a kife a bayan ɗaki. Inna tana nan, ƙafar ce dai. Ke kin san ba ta taɓa kama sunanki ba saboda ke ce 'yar fari. To yanzu sai in wuce ƙofar ɗakinta in ji tana cewa Rabi, Rabi, a hankali, ita kaɗai.

Kin tuna lokacin da aka cire miki maƙoƙo a Katsina? Ni na yi jinyarki. Ina zaune a gefen gado likita ya yi miki bayani da Hausa tsantsa, ba wata kwana-kwana. Ya ce abin da aka cire a wuyanki shi ne yake samar da wani sinadari da ke tafiyar da jiki, yanzu babu shi, wannan 'yar ƙwayar ita ce madadinsa har ƙarshen rayuwarki. Ya ce ki sha kullum da safe kafin ki sa komai a ciki, da ruwa zalla, ba da kunu ba, ba da nono ba, sai an jima ki karya. Ya ce kada ki haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini. Ya ce da gwajin jininki aka auna ta, ke kaɗai aka auna wa, wanda bai da ciwon in ya sha illa za ta yi masa. Kika ɗaga kai kika ce kin ji. Ni ma na ji kin ce kin ji.

Kuma da farko ai kin sha. Kowa ya ga yadda kika dawo. Kika koma matsar mai, muryarki ta washe, kina tsokanar kowa. Ni kuma na ɗaukar wa kaina alkawari maganin ba zai taɓa yanke miki ba. Wata-wata nake zuwa kemis in saya, in ɗaure a leda, in kai tasha in ba direban motar Zango ya kai miki. Ranar da babu a Daura har Katsina nake aikawa a nemo. Duk sanda na kira ki, kafin in gama gaisuwa nake tambaya kin sha, ki ce haba Hajara, ke ba ki gajiya? Na sha.

Sai kika fara canzawa. Fuska ta kumbura, gashi yana zuba, fata ta bushe. Ana tsakiyar zafi kina neman bargo. Ki zauna tsince gyaɗa barci ya kwashe ki. Magana ma sai kin ja ta kamar mai ɗauke da kaya a harshe. Muka ce shekaru ne, muka ce aiki ne ya yi miki yawa. Na ce mu koma a gwada jini, kika ce sai an gama aikin gyaɗa. Da tarin nan ya kama ki, jikin bai da abin da zai yi faɗa da shi. A asibiti likita ya dube ni ya tambaya ko kina shan maganinki. Na dafa ƙirji na rantse da Allah kina sha, ni nake saye da hannuna, kuma bai taɓa yankewa ba. Kin sa na rantse da Allah a kan abin da ba haka yake ba, Yaya.

A wurin zaman makoki na gane. Ina zaune kan tabarma a tsakar gidanki, mata suna shigowa gaisuwa. Wata ta ce Allah ya jiƙan Rabi, ita ce mai ba ta maganin kasala. Ban kawo komai a raina ba. Wata ta shigo ta ce ita ma duk ranar da ta wuni tana juya tunkuza bayanta ya riƙe, ke kike ɓallo mata ƙwaya biyu. Sai Talatu, maƙwabciyarki da kuke matsar mai tare, ta matso kusa da ni ta rage murya ta tambaya ko akwai saura. Na ja ta gefe na matsa mata, ta gaya mini komai tana mamakin ban sani ba. Sun ga yadda kika farfaɗo bayan aikin da aka yi miki a wuya, suka ce ƙwayar ce, suka fara roƙo, ke kuma ba ki iya cewa a'a. Ke da kanki sai ranar da kika ji jiki ya yi nauyi kike haɗiyar ɗaya, kamar maganin ciwon kai. Ta ce ta taɓa tambayarki ko ba zai ƙare miki ba, kika yi dariya kika ce ai ƙanwarki ta Daura ba ta bari ya yanke, kuma ke tunda wurin ɗinkin ya warke kin warke.

Ashe ni matan Zango nake yi wa aike? Yaya, goro ne? Gishiri ne da za a leƙo ta katanga a ce ɗan sam mini? Na san halinki, tun muna yara ba ki iya cin abu wani yana kallo. Ki ba da zane, ki ba da ƙuli, ki ba da man da kika wuni kina matsa, ba wanda ya taɓa hana ki. Amma wannan ranki ne kike ɓallowa kina miƙa wa mutane, su kuma ba ƙaruwa suke yi ba, cuta kike ba su. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba sai an tuna mini ba, kowa ya tuna mini. Amma Allahn da ya rubuta ajali ai shi ya sa aka san maganin, ya kuma kawo shi har cikin ɗakinki.

Ki ji abin da kika bar mini. Ƙullin ƙarshe da na aiko, Malam ya same shi a akwatinki ko buɗewa ba ki yi ba. Da aka fitar da wasu kayanki za a yi sadaka, sai ya haɗa da shi ya ba Gwaggo Asabe, ƙanwar babansa, ya ce ta raba wa mata ladan ya kai miki. Da na ji, ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba, na hau motar Zango. Gida-gida na bi da leda a hannu ina karɓa. Irin maganar da na sha! An ce ni marowaciya ce, ban gado ki ba. An ce so nake in mayar kemis in sayar. Talatu ta jefo mini nata a ƙasa ta ce ina bin mamaciya har kabari ina tare mata lada. Na durƙusa na tsince na zuba a leda, na wuce gida na gaba.

Gwaggo Asabe ce ta ƙi. Ta riƙe kaso mafi yawa, safe da yamma take sha, wai don ta samu ƙarfin zuwa gona. Tsohuwar da ke fama da hawan jini, Yaya! Da ta miƙo mini ruwa rabinsa a ƙasa ya zube saboda rawar hannu. Ta rame, gumi yana tsattsafo mata tana zaune a inuwa, ta ce barci ya ƙaurace mata, ƙirjinta kuma kamar ana daka a ciki. Ita a wurinta alamar magani yana aiki ke nan. Na durƙusa na roƙe ta, na gaya mata duk abin da likita ya gaya miki. Ta ce maganin da Rabi ta saba ba ta tun tana da rai ba wata 'yar birni da za ta karɓe bayan ranta. Ta ƙulle shi a haɓar zane ta zauna a kai.

Na kama zanen na kwance. Eh, na yi, a gaban mutane, ni da ban kai 'yar cikinta ba. Ta yi kururuwa, mata suka taru, Malam ya shigo ya ce kada in ƙara taka masa gida. Na ce na ji, amma ya dubi gwaggonsa da kyau, in ya bar ta ta kwana a haka kada gobe ya ce ba a gaya masa ba. Ya dube ta tana haki ta kasa miƙewa. Sai ya fita ya nemo mota.

Tana kwance a asibiti nan Daura yanzu. Likita ya ce bugun zuciyarta ya rikice, ƙwayar ce ta jawo, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Jiya ta fara cin abinci, rawar hannun ta ragu. Ni nake dafawa in kai, amma sai an ce mata Inna ce ta aiko take ci. Da na shiga ɗakin take juya fuska ga bango. Ta aiko Malam ya gaya mini ba za ta yafe mini ba duniya da lahira. To, kada ta yafe. Allah ya ba ta shekaru masu yawa ta yi ta tsine mini a Zango, ina so.

Ɗazu na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta, tana numfashi a hankali, tana fushi da ni. Da ke ce a kan gadon nan kika juya mini baya, Yaya, wallahi da ba wanda ya kai ni murna.

Allah ya sa kin huta. Sai mun zo.

Ƙanwarki da ta yi baƙin jini a Zango saboda ke,
Hajara