A Talabijin Na Gani

Appa,

Ina gaishe ku, kai babana da Amma mahaifiyata. Yaya teku, yaya ƙafar? Ni ƙalau nake a birnin Bengaluru. Aikin kula da yaran makaranta ba wuya, sai dai yawan tsayuwa.

Jiya muka kai yara gidan kallon kifaye. Wata yarinya ta manna hanci a gilashi tana kallon kifin nan mai faɗin faifai da wutsiyar dafi. Na ce mata, "Wannan a yashi yake ɓuya. Jan ƙafa ake yi a ruwa, ba a ɗagawa."

Malama Rukmini ta yatsine fuska. "Thenmozhi, ina kika san wannan? Sai ka ce 'yar masunta!" Malamai suka kwashe da dariya.

Appa, taya su na yi. Na ce a talabijin na gani. Ni da na dafa ruwan zafin da aka tsoma ƙafarka ranar da ya soke ka, kana cije tawul don kada in ji ihunka.

Busasshen kifin da na ce ku daina aikowa, don Allah ku aiko. A gabansu zan buɗe shi, lokacin abincin rana.

'Yarka,
Thenmozhi