Katakon Ƙofa a Gida Mai Taya

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Dakota. Ya ƙafar taki? Ya Kawu Orville da karnukansa? Mu lafiya lau muke, kada ki sa komai a ranki.

Mun samu wurin zama. Gida ne mai taya, wanda ake ja da mota. Duk inda aikin bututun mai ya kai maigidana Wendell, can za mu bi shi.

Biyu aka nuna mana. Na farkon yana da faɗi da kicin mai kyau, har na fara tunanin inda zan jera tukwane. Sai Wendell ya shigo da katakon ƙofar nan da muke zana tsawon yara a kai, wanda ya ɓamɓaro ranar da aka karɓe gidanmu. Katakon ya ƙi tsayuwa a ciki, rufin ya yi ƙasa.

Mai sayarwa ya ce, "Maigida, rage masa kai mana!"

Wendell ya dafa saman katakon ya ce, "Nan ɗana Boyd zai kai. Shi zan yanke?"

Muka ɗauki na biyun, wanda katakon ya tsaya a cikinsa, dogo amma matsattse. In ina girki ba mai wucewa. Sanyi na ɗan shigowa ta ƙasa, ba wani abu ba ne, amma in da hali ki aiko da bargon nan mai faci.

Jiya jikarki Tessa ta jingina da katakon na ja mata layi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Momi, ashe nan ma gida ne."

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Lorna