Motar Baba Ta Yi Masa Tsayi

Asabar, 5 ga Afrilu

Na yaye tamfol daga kan tsohuwar motar Baba, mai shiga daji. Ɓeraye sun cinye kujera, batir ya mutu murus, tayoyi duk sun tsattsage. Tun da ya bar tuƙi take zaune a bayan gida.

Likita ya gaya wa Yaya zuciyar Baba ta gaji, kumburin ƙafar nan ba zai sauka ba. Baba kuwa magana ɗaya ce a bakinsa: a kai shi gonarsa ta ƙetaren rafi ya ga itatuwansa kafin ruwa ya sauka. Da zarar rafin ya kawo, babu mai ƙetarewa sai bayan damina, kuma dukanmu mun san abin da likita yake nufi. Babu motar haya da za ta yarda da hanyar nan. Na ce masa zan tayar da tasa. Ni dai ba bakanike ba ne, amma na faɗa, kuma ya ji.

Talata, 8 ga Afrilu

Kafireto cike da datti. Na wanke da fetur, na hura, na mayar. Ko tari ba ta yi ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ta tashi! Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, Yaya ta fito tana masifa saboda shanyarta. Daga ɗaki na ji muryar Baba: "Kai, rage mata mai, kana shaƙe ta!" Rabon da in ji ya ɗaga murya haka har na manta. Na rage.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je duba hanyar a kan babur. Motocin ɗibar yashi sun haƙe ta, tsakiya ta yi doro, gangaren rafi duk duwatsu. Yadda motar take, cikinta zai daki ƙasa tun kafin mu yi nisa. Mai walda ya ce a ƙara mata sifirin, a sa manyan tayoyi. "In ka ɗaga ta, wallahi ko dutse za ta hau." Na yarda nan take, ban shawarci kowa ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Noti ɗaya ya cinye min wuni, tsatsa ta kama shi gam. Na zage shi, na zagi wanda ya ɗaure shi, sannan na tuna Baba ne.

Ina kwance a ƙarƙashin mota Yaya ta zo ta tsaya, ƙafafunta kawai nake gani. "Tun safe yake tambayarka. Ka leƙa shi mana." Na ce hannuna duk baƙin mai. Ta ce ai akwai sabulu a gidan. Ban shiga ba. Ɗakin nan warin magani yake yi, kuma ba na son jin numfashinsa, kamar mai hawa tudu alhali a kwance yake. Tsoro nake ji, shi ke nan. A nan ƙarƙashi in abu ya lalace na san inda zan sa sifana.

Litinin, 28 ga Afrilu

Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Gabana sai faɗuwa yake.

Asabar, 3 ga Mayu

An gama. Sifirin, tayoyi, birki, sabon fambel. Ta yi tsayi, ta yi kyau, ni kaina sai da na kama sitiyari na ja jikina kafin na hau. Na zaga unguwa da ita ina ta jin kaina. Gobe da safe za mu tafi in Allah ya yarda.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ba mu tafi ba.

Baba ya sa farar rigarsa, ya ƙi riƙe sanda. Ya tako a hankali har bakin mota, ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ta tsaya a hanya. Ya sake, ba ta kai ba. Na ce, "Baba, bari in ɗaga ka." Ya juyo ya harare ni. "Ni buhun taki ne?" Yaya ta kawo kujera 'yar tsugunno, ya ture ta. "Motar da na tsufa a cikinta, yau sai da tsani? Wa ya ce ka taɓa min ƙafafunta?" Ya koma ɗaki yana dafa bango, ya ƙi abinci.

Na auna doron hanya, na auna duwatsun rafi, ƙafar mutumin da zan ɗauka ce kawai ban auna ba. Wawa. Na daɗe zaune a ƙasa jikin taya.

Talata, 6 ga Mayu

Jiya na fara kwance sifirin don in sauke ta. Yau tun asuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu yashi sun ce rafi ya kawo har ya shafe gangare. Na ajiye sifana. Ba sai an gaya wa Baba ba, yana jin ruwan a kan kwano.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ba ya min magana. Ina jin haushinsa da taurin kai, amma haushin kaina ya fi.

Litinin, 12 ga Mayu

Da sassafe na sace iskar tayoyin duka, har motar ta durƙusa. Na shiga ɗaki na ce, "Baba, akwai wata ƙara a injin, na kasa gane ta." Ƙarya ce. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce a miƙo masa takalmi.

Ya tsaya ya dubi tayoyin sarai. Tsohon direba, me zan ɓoye masa? Ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafa, ya hau da kansa. Ya zauna yana haki, ya murɗa makulli, ya kasa kunne. "Babu wata ƙara." Amma bai kashe ba. Ya gyara madubi. Na zagaya na zauna a gefensa.

Ya yi ta ba ni labarin itatuwan, wanda ke fara 'ya'ya, wanda gara ta taɓa ci. Ya san ba zai gan su ba. Ni ma na sani, sai na yi ta kallon gilashi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yanzu kullum bayan karyawa sai mu fita mu zauna a ciki. Yau ko injin bai kunna ba, hannun ba ƙarfi. Barci ya kwashe shi, kansa a kafaɗata, ban motsa ba har hannuna ya mutu. Ba wani abu ba ne, babu dai aikin da ya rage a motar.

Mai faci ya leƙo ta katanga, ya ce tayoyi sababbi fil, in na bar su haka za su lalace, ko ya kawo famfo? Na ce ya bari tukuna.